Yadda Ake Ƙirƙirar Wasan Dabara a Gida, Daga Kwalin Taliya Zuwa Tabarmar Majalisa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan masu dara a gindin bishiya bayan la'asar ya san wasa mai kyau ba ya buƙatar kaya masu tsada. Ramuka 30 ne a ƙasa yadda aka fi yi, layi biyar masu rami shida-shida, wannan da tsinke 12, wancan da tsakuwa 12. Dokar kuma gajeriya ce: ku zuba 'ya'yanku ɗaya bayan ɗaya, kada kowa ya jera uku lokacin zubi, in an gama zubi sai a fara matsawa rami ɗaya, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin wasansa. Amma dattijo zai yi shekara arba'in yana buga ta bai ƙure ta ba. Mutane ne suka tsara wannan, wasu suka yi ta gyarawa har ta zauna daram. Kai ma za ka iya tsara naka.

Na yi wannan aikin da wani wasa da na sa wa suna Madugu, wasan fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, kuma da shi zan riƙa ba da misali. Abin da na fi so ka riƙe tun daga nan shi ne, wasan da ke cikin kanka bai zama wasa ba tukuna. Sai an baza shi a tabarma, hannun wasu ya taɓa shi, sun yi masa abin da ba ka taɓa zato ba, sannan za ka san me ka ƙirƙira.

Mataki na 1: Nemo zaɓin da zai hana ɗan wasa sakat

Yawancin masu farawa da labari suke farawa: sarakuna, yaƙi, dawakai, taswira mai faɗi. Labari yana da amfani, amma ba shi ne zuciyar wasan dabara ba. Zuciyarsa ita ce lokacin da mutum ya riƙe ɗan wasansa a hannu, yana son abu biyu, doka ta ce ɗaya kawai zai samu. A dara, ko ka gina naka layin ko ka toshe na abokinka. In babu irin wannan tsaka mai wuyar, abin da ka yi tsere ne kawai irin na ludo, inda ƙwaya ke yanke yawancin hukunci.

Saboda haka ka ɗauki takarda ka rubuta jimla ɗaya tak: "A wasana, ɗan wasa kullum yana zaɓa tsakanin kaza da kaza." In ka kasa cike wannan jimlar, kada ka taɓa almakashi tukuna.

Ni kaina ban same ta da wuri ba. Na san ina son ayarin fatake da ke tashi daga Kano da kanwa da turkuɗi, su ƙetare Kwara wajen Yawuri, su bi ta Nikki a ƙasar Borgu, su yada zango a Sansanin Mango, su wuce Yendi har Salaga, kasuwar goro ta ƙasar Gwanja da ke arewacin Gana a yau. Tafiya ce ta watanni, kuma tarihinta ya ishi wasa goma. Amma abin da na fara haɗawa kai kaya ne da dawo da kaya kurum. Wani kawuna da ya yi sana'ar goro a ƙuruciyarsa ya zauna yana kallonmu, can ya ce, "Kai ɗan nan, goronka ba ya bushewa ne? Ai goro ba ya jiran kowa. In ba ka kwance huhu ka duba ka yayyafa masa ruwa ba, kafin ka iso gida ka yi asara." Nan take na sami jimlata: ko ka yi sauri goronka ya sha wuya, ko ka tsaya ka kula da shi abokan hamayya su riga ka kasuwa. Duk sauran dokokin Madugu daga wannan maganar ta Kawu suka fito.

Mataki na 2: Yanke iyakoki uku kafin komai

Mutum nawa za su buga? Wasan mutum biyu ya fi sauƙin daidaitawa, don haka in wannan ne karonka na farko, fara da biyu, daga baya ka ƙara. Ni na tsaya a kan biyu zuwa huɗu.

Minti nawa zai ci? Ka duba rayuwar waɗanda za su buga shi. A wajenmu lokacin wasa shi ne tsakanin la'asar da magariba, ko bayan isha kafin barci ya ɗauki mutane. Wasan da ya wuce minti 45 zai riƙa karo da kiran salla, a tashi a bar shi, a dawo an manta inda aka tsaya. Na sa wa kaina minti 40.

Yaya ake ƙarewa, kuma wa ya ci? Wannan ne aka fi mantawa. Ka rubuta shi tun yanzu, ko da za ka canza. A Madugu, wasa yana ƙarewa bayan zagaye 12, wanda ya fi tara wuri, wato kuɗin cinikin dā, shi ya ci. Ƙayyade zagaye yana da fa'ida babba: kowa yana ganin ƙarshe na matsowa, sai dabara ta canza da kanta, mai jinkiri ya fara gaggawa.

Daga nan sai ka tsara abin da mutum zai yi idan layi ya zo kansa. Kada ya wuce abu uku ko huɗu. Nawa huɗu ne, kuma biyu kawai ake zaɓa a kowane zagaye: ka matsa zango ɗaya, ko ka yi ciniki a garin da kake, ko ka yayyafa wa goro ruwa, ko ka sayi jaki. Kowa yana farawa da jakuna uku da wuri goma, kowane jaki yana ɗaukar kaya biyu.

Mataki na 3: Auna sa'a kamar gishirin miya

Wasan da babu sa'a a cikinsa ko kaɗan, irin dara da darafti, gwani ne kullum ke ci, sabon shiga kuma yakan gaji da shan kaye ya daina zuwa. Wanda sa'a ta yi wa yawa kuma, ba wanda zai yi alfahari da nasararsa. Abin da ka ke nema yana tsakiya, kuma akwai ƙa'idar da ta taimake ni: bari sa'a ta zo kafin zaɓi, ba bayansa ba. A buɗe kati a ga farashin goro ya faɗi a Salaga, sannan kowa ya yanke shawarar abin da zai yi. Wannan ya fi a bar mutum ya gama shirinsa tsaf, sannan ƙwaya ɗaya ta rushe shi ba tare da laifinsa ba.

In za ka yi amfani da ƙwayar ludo, ka san lissafinta. Ƙwaya ɗaya kowace lamba daidai take da 'yar'uwarta, ɗaya cikin shida. Amma ƙwaya biyu ba haka ba ne. Hanyoyin faɗuwarsu 36 ne: bakwai tana fitowa ta hanya shida, shida da takwas ta hanya biyar-biyar, biyu da sha biyu kuwa ta hanya ɗaya-ɗaya kawai. Klaus Teuber, Bajamushen da ya fitar da Catan a 1995, wasan da jimillar ƙwaya biyu ke nuna gonar da za ta ba da amfani, a kan wannan lissafin ya gina allonsa: shida da takwas ya rubuta su da ja don kowa ya san gonakinsu sun fi albarka, bakwai kuma ya ba ta ɓarawon da ke hana gona ba da amfani. In ka ɗora babban abu a kan sha biyu, sai a yi wasa sukutum ba a gan shi ba.

Ni dai kati na zaɓa, saboda dalili biyu. Na farko, akwai gidaje da yawa a ƙasar Hausa da ba a son ganin ƙwaya saboda abin da malamai suka faɗa a kanta da kusancinta da caca, kuma ina son wasana ya shiga kowane gida ba tare da an ɗaga gira ba. Na biyu, kati yana da tunawa, ƙwaya ba ta da shi. A gajeriyar hanyar daji ta allona akwai kati 20, biyar daga ciki 'yan fashi ne. Da farko haɗarin ɗaya cikin huɗu ne. Amma in huɗu sun riga sun fito, mai lura ya san saura ɗaya, sai ya kutsa dajin da ƙarfin gwiwa. Sa'a ta koma abin da mai hankali zai iya lissafawa, kuma wannan shi ne daɗin wasan dabara.

Mataki na 4: Haɗa samfurin farko a yini ɗaya, kuma kada ya yi kyau

Ka nemi kwalin taliya ko na sabulu wajen mai shago, ka buɗe shi ya kwanta. Da fensir za ka zana allon, ba da alƙalamin maka ba, don za ka goge sau da yawa. Murafen kwalbar lemo su ne 'yan wasa, kowane mutum da kalarsa. Ƙwallon dabino ya zama huhun goro. Katuna kuma ka yanka takardar kwali ko bangon tsofaffin littattafan makaranta, girman katin wot, ka rubuta da biro. Kuɗi, ka yi amfani da tsakuwa ƙanana. Da wake na fara, amma in kuna wasa a tsakar gida kaji ba za su bar shi ba, yara ƙanana kuma suna kai shi baki ko hanci, don haka na koma tsakuwa, kuma ina tattara su a gwangwani da zarar an tashi.

Dalilin da ya sa na ce kada ya yi kyau ba rowa ba ce. In ka kwana uku kana zana raƙuma da fenti, ranar da gwaji ya nuna maka cewa rabin allon ba shi da amfani, zuciyarka ba za ta yarda ka yanke shi ba. Za ka fara kare kuskure saboda wahalar da ka sha a kansa. Allon fensir kuwa, ka goge ka sake a minti biyu. Haka su ma masu gwaji: in sun ga abu ya sha ado sai su ji nauyin kushe shi, in sun ga kwalin taliya ne sai bakinsu ya buɗe.

Mataki na 5: Buga shi kai kaɗai tukuna

Kafin ka kira kowa, ka zauna ka buga hannu biyu ko uku kai kaɗai, kana zagayawa. Ba daɗi kake nema a nan ba, kana neman inda keken zai tsaya ne. Za ka ga abubuwan da ba ka yi tanadinsu ba: mutum biyu sun sauka zango ɗaya, me zai faru? Katuna sun ƙare, a sake gauraya su ko a ci gaba babu? Wuri ya ƙare wa mutum a tsakiyar hanya, ya fita ke nan ko akwai bashi?

Ka ba kowane hannu hali daban. Ɗaya mai gaggawa wanda ba ya tsayawa ko'ina, ɗaya mai tara jakuna, ɗaya matsoraci mai bin doguwar hanya kullum. In hali ɗaya ne ke ci sau uku a jere, ka gano matsala tun kafin ka ɓata wa mutane yammacinsu. Wasa uku zuwa biyar a haka ya isa. Lokacin abokanka yana da daraja, kuma wanda ka zaunar a kan wasan da ya tsaya cak a zagaye na biyu, da wuya ya amsa kira na gaba.

Mataki na 6: Kai shi tabarma, ka kama bakinka

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne ya fi wuya. Ka tara mutum biyu ko uku, ka gaya musu gaskiya: wannan gwaji ne, wasan bai gama ba, in ya lalace a tsakiya za mu tsaya, kuma ba ku ake gwadawa ba, shi ake gwadawa. Ka bayyana doka cikin minti biyar. In bayanin ya fi haka, dokar ta yi yawa.

Daga nan ka koma gefe da littafinka da biro. In da hali kada ka shiga wasan. Kada ka ba kowa shawara, ko da kana ganin yana tafka kuskuren da zai kashe shi. Bakinka zai yi ƙaiƙayi, ka daure. Kuskuren da ya yi labari ne yake ba ka: ko allon bai nuna masa abin da ya kamata ba, ko dokar ba ta fito fili ba.

Idonka ya fi kunnenka amfani a nan. Ka rubuta lokacin da aka fara da lokacin da aka gama. Ka lura da wanda ya zaro waya, kuma a zagaye na nawa. Ka lura da inda aka yi shiru kowa ya sunkuya kan allo, da inda aka yi ihu, da tambayar da aka maimaita. A gwajina na farko da mutane, ƙanena ya riƙe murfin kwalbarsa ya daɗe yana juya shi, sannan ya ɗago ya ce, "Yaya, to ni yanzu me ya rage in yi?" Ya sayar da kayansa a Salaga, ya sayi goro, sauran zagaye shida duk tafiya ce kawai zuwa gida, babu wani zaɓi. Na rubuta wannan tambayar na ja mata layi biyu. Ita ta sa na buɗe ƙananan kasuwanni a Yendi da Nikki da Yawuri, inda mutum zai iya sauke goronsa da araha tun kafin ya bushe, ko ya yi ta maza ya kai Kano inda farashi ya fi tsoka.

Bayan an gama, kada ka tambaya, "Ya yi daɗi?" Mu mutane ne masu kara. Abokinka zai ce, "Kai, ya yi kyau wallahi, Allah ya ƙara basira," ko da barci ya kusa ɗauke shi. Ƙanenka ba zai kushe aikin yayansa a gaban mutane ba. Sai ka yi tambayar da kunya ba za ta iya rufe amsarta ba: A wane lokaci ka san ba za ka ci ba? Me ka so yi doka ta hana ka? Wane abu ne ba ka taɓa amfani da shi ba, kuma me ya sa? In za a sake yanzu, me za ka yi daban? Wannan ta ƙarshen ita ce ma'auni. Wanda ya ce, "Ai da na sani da ban sayi jaki na huɗu ba, da ta daji zan bi," wasan ya kama shi, yana tsara dabara a ransa. Wanda ya ɗaga kafaɗa ya ce duk ɗaya ne, ya gaya maka zaɓin da ke cikin wasanka ba shi da nauyi.

Idan sun kawo gyara, ka rubuta, ka yi godiya, kada ka yi musu. Amma ka rarrabe ciwo da magani. In mutum ya ce wuri kaza ya gundure shi, kusan kullum gaskiyarsa ne. In ya ce maganin shi ne a ƙara dawakai da bindigogi, wannan kuma kai za ka auna.

Mataki na 7: Cututtukan da kusan kowane sabon wasa ke zuwa da su

Na farko, mai gaba ya yi ta ƙara gaba. A Madugu wanda ya fara samun riba yana sayen jaki, jaki ya ƙara masa kaya, kaya su ƙara riba, kafin zagaye na biyar kowa ya san wanda zai ci, sauran bakwai zaman makoki ne. Maganin da na samu daga tarihin fataucin kansa ya fito: kuɗin fito. Duk mai ƙetare Kwara zai biya wuri ɗaya a kan kowane jaki, kuma 'yan fashi suna ƙwace kaya gwargwadon girman ayari. Babban ayari yana da riba har yanzu, amma yana da nauyi. Ka nemi irin wannan birki a cikin labarin wasanka, ya fi dokar da aka liƙa daga waje don kawai a ja mai gaba baya, wadda 'yan wasa ke jin ta kamar zalunci.

Na biyu, fifikon wanda ya fara. Wannan tsohon ciwo ne. A wasan Go na ƙasashen Sin da Japan da Koriya mai baƙaƙen duwatsu ne ke farawa, shi ya sa ake ba mai farare ƙarin maki, shida da rabi a dokar Japan, rabin kuma don kada a yi canjaras. Kai ma ka riƙa rubuta wanda ya fara da wanda ya ci a kowane wasa. A ce cikin wasa 20 na mutum biyu mai farawa ya ci 14, to akwai magana. Ka ba na biyu ƙarin wuri ɗaya, na uku biyu, ko farawa ta riƙa zagayawa kowane zagaye.

Na uku, fitar da mutum tun da wuri. A Monopoly, wasan saye da hayar filaye, wanda ya tsiyace yakan koma ɗan kallo, wani lokaci na tsawon awa guda. A majalisa wannan yana nufin ya tashi ya tafi, gobe kuma ba zai zauna ba. Ka bar wa wanda ya faɗi wata ƙofa. A nawa, wanda ya rasa komai yana iya zama ɗan dako a ayarin wani, a biya shi wuri biyu kowane zango har ya farfaɗo.

Na huɗu, wanda ba zai ci ba ya zama shi ke naɗa sarki. A wasan mutum uku, na ƙarshe yana iya zuba wa abokinsa duk kayansa don mai gaba ya faɗi. Ka rage hanyoyin da mutum zai yi kyauta kai tsaye a zagayen ƙarshe, ko ka sa kowa ya ɓoye wurinsa a ƙarƙashin kofi don kada a san tabbas wa ke gaba.

Akwai kuma dabara ɗaya da ke cin kowa. Don gano ta, ka nemi gwanin dara ko darafti na unguwarku, irin wanda ba ya jin kunyar kowa a kan allo, ka ce masa, "Malam, so nake ka karya min wasan nan." Zai nemo ramin da ba ka gani ba, kuma gara ya nemo shi yau da a nemo shi bayan ka kashe kuɗin bugawa.

Mataki na 8: Canza abu ɗaya, ka rubuta

Bayan kowane gwaji za ka dawo da gyara goma a kai. Kada ka zuba su duka lokaci guda. In ka ƙara kuɗin fito, ka rage farashin goro, ka ƙara 'yan fashi a dare ɗaya, wasan ya gyaru ko ya ƙara lalacewa, ba za ka san wanne ya jawo ba. Babban gyara ɗaya a kowane zama. Kuma idan za ka gwada lamba, ka motsa ta sosai: in jaki wuri uku ne kana zargin ya yi araha, mai da shi shida ka gani. In shida ya yi tsada, ka san amsar tana tsakani. Daga uku zuwa huɗu ba za ka ji bambanci a wasa ɗaya ba.

Littafinka ya kasance da shafi ɗaya ga kowane zama: kwanan wata, lambar samfuri, su wa suka buga, wa ya fara, minti nawa, makin kowa, abin da ka canza, abin da ka gani. Ka ɗauki hoton allon da waya kafin ka goge wani abu, don wani lokaci gyaran jiya ya fi na yau kuma za ka so komawa.

Yawancin gyara mai kyau ragi ne. Na taɓa sa raƙuma da takarkarai da kuɗin haraji iri uku a Madugu. Duk na cire su, kuma ba wanda ya taɓa tambayar ina suka tafi. Ga yadda nake gwadawa: in ina shakkar wata doka, sai in cire ta a zama na gaba ba tare da na faɗa ba. In ba a ji rashinta ba, ta tafi ke nan.

Mataki na 9: Rubuta doka, ka ba waɗanda ba su san ka ba

Idan wasan ya yi zama biyar ko shida babu babban gyara, lokacin rubuta doka ya yi. Ka bi wannan tsari: labarin wasan a jimla biyu, yadda ake ci, kayan da ke ciki da adadinsu, yadda ake shimfiɗa allo, abin da mutum zai yi in layi ya zo kansa, yadda ake ƙarewa, sannan misalin zagaye ɗaya cikakke da sunayen 'yan wasa na ƙirƙira. Kalma ɗaya ga abu ɗaya: in ka kira shi zango a sama, kada ya koma masauki a ƙasa, mai karatu zai ɗauka abu biyu ne. Ka yi ƙoƙari duka ya shiga takarda ɗaya gaba da baya.

Sai gwaji mafi tsanani. Ka ba wasu mutanen da ba su taɓa ganin wasan ba kwalin da takardar, ka zauna nesa kaɗan inda kana ji amma ba ka cikinsu. In sun tambaye ka, ka ce, "Ku yi yadda kuka fahimta." Duk inda suka yi gardama a kan ma'anar jimla, jimlar ce ke da laifi, ka sa mata alama. Ka yi wannan da rukuni biyu ko uku daban-daban, har da mata da matasa da waɗanda ba su saba wasan allo ba, domin abin da gwanin darafti ya gane da kallo ɗaya, wani sai an rubuta masa shi dalla-dalla. Ranar da aka gama wasa ba a waiwaye ka ba ko sau ɗaya, wani kuma ya fara tattara katuna yana cewa a sake, dokarka ta tsaya da ƙafarta.

Mataki na 10: Sai yanzu ado

Yanzu kana iya kashe kuɗi. Allon, ka kai wa masu buga bana irin ta talla su buga maka a kan ledar da suke amfani da ita: ba ta jin ruwa, tana naɗuwa kamar tabarma, tana shiga jaka. Katuna a buga su a takarda mai kauri a shagon kwamfuta, a rufe su da leda, a yanke kusurwoyin su yi zagaye don kada su soki hannu. Bayansu ya zama iri ɗaya sak, in ba haka ba masu wayo za su haddace katin 'yan fashi daga tabon da ke bayansa. Kafinta zai yanka maka 'yan wasa daga ragowar katako, tela ya ɗinka ƙaramar jaka mai zariya.

Ka tuna a waje za a fi buga shi, a hasken fitila ko na waya, wani lokaci cikin iskar hunturu. Rubutu ya zama manya, 'yan wasa su yi nauyin da iska ba za ta ɗauke su ba, a kuma zana wa tarin katuna gurbi a kan allo inda za a danne su da dutse. Kada ka dogara da kala kaɗai wajen bambanta 'yan wasa, akwai mutanen da ba sa rarrabe ja da kore sosai, kuma da dare shuɗi da baƙi duk ɗaya ne. Ka ba kowane ayari siffarsa: wannan zagaye, wancan mai kusurwa uku, wancan mai huɗu. A cikin murfin kwalin kuma ka rubuta adadin komai, kati 20 na daji, jakuna 24, huhun goro 30, don a ƙirga kafin a rufe, ka kuma ajiye 'yan ƙari biyu-biyu a wata leda daban saboda ranar da ɗaya zai faɗa ƙarƙashin tabarma.